Hasana Ta Rasu, Huseina Na Kan Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fargabar da ta fi baƙin cikin nauyi, iyalan Malam Ja'afaru Mai-jirgi na Kukar Mashaya suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na wannan gaɓa da na Tsallake, rasuwar jirginsu na ƙarfe wadda kowa ya sani da suna Hasana. Rai ya yi halinsa ranar Asabar da hantsi, taku kamar ashirin kafin gaɓa, bayan doguwar jinyar da mai ita bai san tana yi ba. Ta rasu tana da shekara ashirin da shida a kan ruwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a rasa ran mutum ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Saboda haka wanda ya ga abin dariya ne a rubuta wa ƙarfe sanarwar rasuwa, ya yi dariyarsa ya gama, sannan ya gyara zama. Marigayiyar 'yar tagwaye ce. 'Yar uwarta Huseina, jirgin Mati, tana nan kan ruwa tana jigilar mutane safe da yamma, kuma ciwon da ya kashe Hasana yana cikinta. Malam Ja'afaru ya tabbata da haka, domin da hannunsa ya sa musu shi su biyun. Ya faɗa da baki ba a saurare shi ba, shi ya sa ya ce a rubuta.

Tun da aka tare ruwa aka yi dam, garinmu ya rabu biyu. Kasuwa da asibiti da Kukar Mashaya suna nan, rabin gonaki da rabin dangi suna can Tsallake. Mai son zagayawa ta hanyar mota sai ya biyo ta Bagwai, tafiyar da kan cinye wa mai ƙafa rabin yini. Mu kuwa manoma ne tun kaka da kakanni. A duk garin nan, in ka cire mutum uku ko huɗu, babu wanda zai faɗa ruwan da ya shanye kansa ya fito da ransa. A tsakiyar dam, inda tsofaffin kukokin garin suke tsaye a ƙarƙashin ruwa, an taɓa haɗa gora uku aka zura ba a taɓa ƙasa ba.

A cikin wannan hali aka haifi marigayiya. Mahaifinta shi ne Muhammadu Sani Mai-walda, Allah ya jiƙansa, mutumin nan garin da ya yi shekara goma sha takwas a tashar jiragen ruwa ta Ikko yana facin manyan jirage, a ruwan gishirin da yakan ce yana cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin zana. Da ya dawo gida, sai ya ƙera jirage biyu a gindin kuka, da ƙarfe ɗaya, cikin wata ɗaya. An tura ta farko ruwa da safe, ta biyu bayan la'asar, sai matan gari suka raɗa musu Hasana da Huseina. Ta farkon ta zama ta Malam Ja'afaru, ta biyun ta Mati, ɗan baffansa.

Duk wanda ya zauna da Hasana zai shaide ta da haƙuri. Ta ɗauki takin gida mai wari ba ta yamutsa fuska ba, ta ɗauki albasa da tumatir da dammunan gero, ta taɓa ɗaukar jakin da ya yi ta harbin haƙarƙarinta tun daga wannan gaɓa har waccan. Amare da yawa a cikinta suka yi kukansu na barin gida, har da babbar 'yar Malam Ja'afaru da ke aure a Tsallake. Masu naƙuda ta kawo su asibiti, waɗanda kwanansu ya ƙare ta mayar da su gida a kwance. An hore mu da faɗin alherin mamaci, don haka ba za mu ambaci yadda takan gasa mazaunan mutane a watan zafi ba, ko kusurwar nan tata ta hagu da ta yaga zanen kusan kowace mace a garin nan.

Ba ta da yawan magana. In ta taɓa yashin gaɓa takan ce ƙurrr, shi ke nan, kowa ya san an iso. In kuwa Malam Ja'afaru ya ƙwanƙwasa cikinta da gindin filafilin tuƙi da safe, kamar yadda ya saba kafin kowa ya hau, sai ta amsa gwaaang, da murya cikakkiya mai daɗewa a kunne, har masu wanki a can gefe su ji. Yakan ce gaisuwarsu ce, kuma bai taɓa karya kumallo bai yi ta ba.

Lafiyar nan da aka san ta da ita ba a banza ta samu ba. Muhammadu Sani ya kafa doka, kuma bai san wasa a kanta ba. Kowace shekara, in an gama kwasar amfanin gona, sai a ɗaura wa jirgi shanun noma biyu a ja ta tudu a kife ta. Kwana bakwai cur ba ta ganin ruwa. A kankare ta da burushin waya da guntun fartanya har sai farin ƙarfe ya bayyana, a wanke, a bar ta ta sha rana kwana biyu, a shafa jan fenti, ya bushe, a ƙara, sannan a bi da kwalta. Wanda ya shafa fenti a kan tsatsa a gabansa ya sha zagi har iyayensa. Haka kuma duk ranar da aka ɗauko takin zamani ko kanwa ko gishiri, dole a ɗauraye cikin jirgi tas kafin a ɗaure ta, domin a cewarsa waɗannan ukun ƙannen ruwan Ikko ne.

Sai kuma layu. A ƙarƙashin kowacce daga cikinsu, inda ido ba ya gani sai an kife ta, ya ɗaure dunƙulen wani farin ƙarfe mai kama da dalma guda shida, kowanne kamar tafin hannu, da noti. Duk shekara in an kife, sai a tarar sun zaizaye sun yi rami-rami. Shi da kansa zai zo ya kwance waɗanda suka cinye, ya zaro sababbi daga wani buhu da abokinsa ke aiko masa daga Ikko, ya ɗaura. In an tambaye shi amfaninsu, sai ya yi dariya ya ce, "Layu ne. Ku dai ku bar min su." Gari ya ɗauka. Mutumin da ya yi shekara goma sha takwas a bakin teku ai ba zai dawo hannu rabbana ba, dole ya zo da ɗan asirinsa. Allah ya gafarta masa, amma mai wannan rubutu ba zai ɓoye haushinsa ba. Wannan ɗabi'a ta masu sana'armu, ta riƙe sani a baki har a shiga kabari da shi, ita ce mafarin abin da muke ciki yau. Jimla ɗaya da ya faɗa da ta ishe mu.

Muhammadu Sani ya rasu shekara biyar da suka wuce, buhun nan kuma ya tafi tare da shi. Daga nan shekarun tsanani suka shigo. Fetur ya yi tashin da ya sa hawa babur a zagaya ta Bagwai ya gagari talaka, sai kowa ya gangaro ruwa. Shi ma injin jirgi ya gagari masu shi, aka cire aka jingine a ɗaki, aka koma filafili, tsallakawar da take ɗan lokaci ta koma kusan awa guda a kan zurfi. A irin wannan yanayi wa zai ajiye jirgi kwana bakwai? Ranar da Hasana ba ta shiga ruwa ba, ranar tukunya ba ta hau murhu a gidan Malam Ja'afaru ba. Shekarar farko aka mayar da kwana bakwai uku, aka tsinka fenti da kananzir don ya isa. Ɗauraye cikin jirgi bayan taki kuwa, tun ana yi da gajiya har aka daina.

A wannan kifewar ta kwana uku ce Malam Ja'afaru ya tsuguna ya dubi layun Hasana, ya ga sun rame kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Babu mai kawo wasu. In suka ƙare, tsarin jirgi ya ƙare. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, sai dabara ta faɗo masa, kuma wallahi ko ni ne a wurin da na ce ya yi daidai. Wa ya taɓa ganin an bar laya tsirara? Kowa ya san in malam ya ba ka laya, wurin baduku kake kai ta a ɗinke ta cikin fata don kada gumi da ruwa su ci ta. Fata ba za ta jure zaman dam ba, amma ga kwalta. Ya bi layun nan shida ɗaya bayan ɗaya, shafi uku-uku, har da notinsu, bai bar ko wurin da allura za ta shiga ba. Da ƙauna ya yi, yana yi yana jin tausayinsu.

Bayan wata shida ya shiga ruwa ya laluba da hannu, ya ji suna nan yadda ya bar su. Ranar majalisar gindin kuka ba ta ji wata magana ba sai tasa, shi da ya gano abin da mutumin Ikko bai gano ba. Saboda zumunci kuma, a satin nan ya ɗauki ragowar kwaltarsa ya je ya sa aka kife Huseina na yini ɗaya, ya yi mata irin abin da ya yi wa tasa. Mati ya yi ta godiya. Daga wannan rana, shekara huɗu ke nan, babu ɗayarsu da ta sake hawa tudu.

Ciwo ya shigo a hankali. Muryar ce ta fara canjawa. Gwaaang ɗin nan ta gajarce, ta koma gwang, daga baya a wasu wurare in ya buga sai ta ce ɓas, kamar an bugi jiƙaƙƙen kwali. Malam Ja'afaru ya ce tsufa ne, shi ma ai tasa muryar ba kamar da ba. Sai aka fara tarar da jan ruwa kwance a cikinta kowace safiya. Ya ce raɓa ce. Da rani ya yi babu raɓa, ya ce fitsarin awaki ne. Ya samo ƙwarya ya ajiye a ƙarƙashin benci, yana kwasa yana zubarwa kafin fasinja su iso, don kada a gani a yi surutu. A watannin ƙarshe, in an kai tsakiya kowa ya yi shiru, akan ji wata 'yar ƙara daga ƙasa, cakal, cakal, tana bin tuƙi. Shi ya fi kowa jin ta, sai ya ɗaga murya ya jawo hira.

Ranar Asabar ta taso daga Tsallake da mutum biyar da buhun taki takwas. Sun wuce kan kukoki lafiya. Suna dab da gaɓa wani ya jawo buhu ɗaya don ya gyara zama, buhun ya faɗi a ƙasan jirgi, sai aka ji ɓurum. Wuri kamar faɗin faifai ya ɓurma, ruwa ya taso baƙi. Malam Ja'afaru bai san da wane ƙarfi ya yi tuƙin nan ba, shi dai ya ji salatin mata a kunnensa, ya ji ruwa a gwiwarsa. Ta yi ta tafiya tana nitsewa, tana tafiya tana nitsewa, har ta kai inda ƙafa ke taɓa ƙasa, sannan ta zauna a kan yashi ba tare da ta ce ƙurrr ɗin da ta saba ba. Mutane suka fito ruwa iya ƙirji. Da buhun nan ya faɗi minti goma kafin haka, da ba wannan sanarwar ake karanta muku ba.

Washegari aka kira Sama'ilu, ɗan Muhammadu Sani, wanda ke waldar ƙofofi da tagogi a Ungogo, don ya duba gawa. Shanu suka ja ta tudu aka kife ta. Cikinta duk ƙuraje, kwalta ta kumbura nan da can, in an latsa sai baƙin ruwa ya fito. Sama'ilu ya ɗauki ƙusa yana dannawa da hannu kawai, ba guduma, ta shige wuri goma sha ɗaya. Sannan ya zo kan layu. Ya sa wuƙa ya kankare ɗaya, farin ƙarfe ya fito lafiya lau. Ya daɗe yana kallonsa.

"Baba, wa ya rufe waɗannan?"

"Ni ne," in ji Malam Ja'afaru. "Don kada su ƙare."

"Ai ƙarewar ita ce aikinsu, Baba. Ba layu ba ne, tsokana ce irin ta mahaifina. Ruwa in ya samu ƙarfe sai ya ci. Wannan farin ya fi masa daɗin ci, shi ya sa ake ɗaura shi jikin jirgi tsirara, ruwa ya yi ta cinsa ya ƙyale jirgin. Haka ake yi wa manyan jirage a teku. In ya cinye a sa wani. Da ka rufe su, sai ruwan ya juya kan jirgin, duk inda fenti ya ɗan kwaɓe ya kama. Ga taki ta ciki, ga shekara huɗu ba kankara."

Malam Ja'afaru ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa ya riƙe. Mutane suka ɗauka Hasana yake wa jimami, suka fara ba shi haƙuri. Shi kuwa idonsa na kan ruwa, inda Huseina ta taso daga Tsallake, cike har baki, da nata fasinjan da na marigayiya.  Abin da ya ce kawai shi ne, "Ita ma na shafa mata."

Sama'ilu ya ce a fito da Huseina yau, kada a kai gobe. A kankare, a ƙwanƙwasa ko'ina, a yanke inda ya mutu a yi faci, a cire wa fararen ƙarafan nan kwalta. Ya ce ranar da aka kife ta a kira shi, zai ɗauko injin waldarsa ya zo, albarkacin mahaifinsa. Aikin mako guda ne.

Marigayiya ta rasu ta bar injin tuƙi ɗaya, wanda ya daɗe a kwance a ɗaki saboda yunwa. Ta bar filafili biyu, da sarƙa da kwaɗo, da ƙwaryar kwasar ruwa wadda ta yi jinyarta har ƙarshe ba ta tona mata asiri ba. Ta bar layu shida cikin ƙoshin lafiya, Allah ya isa tsakaninmu da irin wannan lafiya. Ta bar Malam Ja'afaru da iyalinsa. Sannan ta bar 'yar uwarta Huseina, wadda Mati ya yi wa koren fenti da Babbar Sallah, daga baki zuwa daidai inda ruwa ke tsayawa. Wanda ya hango ta daga gaɓa zai rantse amarya ce.

Ranar Litinin da safe Malam Ja'afaru ya sami Mati a mashaya, ya ja shi gefe ya faɗa masa komai, bai rage wa kansa laifi ba. Mati ya saurara yana naɗe igiya.

"Yaya Ja'afaru, da hannunka ka shafa, ka ce min shekara goma ba abin da zai taɓa su. Yau kuma ka ce guba ce?"

"Na yi kuskure, Mati. Ban sani ba."

"To wancan karon ba ka sani ba, wannan karon ne ka sani? In na kife ta mako guda, wa zai ɗauki mutane? Mai naƙuda ta jira Sama'ilu ya gama walda? Gidana su ci me? Tawa ba ta zuba, ɗan gumi ne kawai da safe."

"Haka tawa ta fara."

"Taka taki ka yi ta loda mata. Yaya, ka yi haƙuri da abin da ya same ka, amma kada ka ce sai na zauna don ka zauna."

Maganar nan ta ƙarshe ta fi ɓurmawar jirgi yi masa ciwo, kuma kafin azahar ta zagaye gari. Majalisar da ta yaba masa shekara huɗu da suka wuce ita ce ta ce hassada ce. Ya je wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce a yi haƙuri a yi ta addu'a, bayan kasuwa za a zauna. Mu gwanaye ne wajen zama bayan kasuwa. Ba na cewa Mati mugu ne. Yunwar da ta hana Malam Ja'afaru kife tasa ita ce take magana da bakin Mati, kuma tambayarsa ta mai naƙuda ba ni da amsarta. Abin da na sani shi ne mako guda yana da ƙarshe.

Da Mati ya tafi sallar azahar, Malam Ja'afaru ya tuɓe rigarsa ya shiga ruwa, ya zura hannu ƙarƙashin Huseina. Ya ji ƙurajen. Ya latsa ɗaya a hankali, ya ji ya lotsa, ya janye hannunsa da sauri kamar ya taɓa wuta. Ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa gefenta daga baya, ta ce gwang. Ya matsa tsakiya, daidai inda mata ke zama da yara, ya sake bugawa. Ta ce ɓas.

Da yammacin ranar saƙo ya iso daga Tsallake. Surukan Malam Ja'afaru da sauran mutanen can sun ce jirgin da ta yi shekara ashirin da shida tana ɗaukar amarensu da gawawwakinsu ba za a yi jajenta ta waya ba. Sun sa ranar Laraba, ranar kasuwarmu, za su zo gaba ɗaya, maza da mata, a yi jaje a ci kasuwa. Babbar 'yarsa tana ciki, da 'ya'yanta uku. Ya kira ta ya ce ta zauna. Ta ce, "Baba, surukaina sun riga sun sa rana. In kowa ya zo ni ban zo ba, da wane ido zan dubi mutane?" A garin nan ba a taɓa jin wanda ya ce wa mai zuwa jaje kada ya zo ba, balle suruki. Zagi ne da ba a mantawa. Malam Ja'afaru ya san haka, ya kuma aiko a kira ni da biro da takarda. Za a karanta wannan sanarwa a ƙofar masallatan gaɓa biyu. Ta Tsallake an ba wa mai babur ya zagaya da ita ta Bagwai, domin bai yarda ko takarda ta hau ruwa ba.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Babu wanka, dam ya riga ya yi. Babu likkafani, babu sallah, hankalinmu bai gushe ba tukuna. Gobe Laraba da sassafe shanu za su ja gawar zuwa bakin mashaya, a ajiye ta a kife daidai inda ake hawa Huseina, yadda ba mai shiga jirgi sai ya zagaye ta. Ba za a lulluɓe ta ba. An san ba kyau a tona asirin mamaci, amma iyalai sun yarda a tona nata. Kowa ya zo ya sa yatsa a ramukan nan goma sha ɗaya. Za a ajiye dutse a kanta, mai so ya buga ya ji yadda take amsawa, sannan ya taka ya bugi Huseina a tsakiya, ya gwada da kunnensa.

'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe da suka yi ta sintiri tun Lahadi da ma'auninsu, ana sanar da su su koma. Ba za a yanka Hasana ba sai ranar da 'yar uwarta ta kwanta kusa da ita a tudu, a kife, Sama'ilu na kanta. Zaman makoki a nan bakin ruwa za a yi shi, ba a ƙofar gida ba. Malam Ja'afaru zai shimfiɗa tabarmarsa yana fuskantar dam, daga tashin farko har na ƙarshe. Babu sadakar uku, babu ta bakwai, zaman ba zai tashi ba sai Huseina ta fito. Mati, in ka ga dama ka zo, tabarmar da faɗi, kuma shanun da za su ja Hasana ba za a kwance su ba sai yamma.

Ga mutanen Tsallake, iyalai sun gode, Allah ya ba da lada, an karɓi jajenku tun daga inda kuke. An yafe muku zuwa. Wanda ya ga lallai sai ya zo, ya biyo ta Bagwai, ko da ƙafa ne, za a ajiye masa ruwa da fura. Wanda ya ji an zage shi, Malam Ja'afaru ya ce ya riƙe haushinsa da kyau, ya rayu, ya zo wata rana ya faɗa masa a ido.

Saura saƙo ɗaya. Na tambaye shi ko in rubuta "babbar 'yarsa" kamar yadda na yi ta rubutawa a sama, domin 'yar fari ce, kuma shekara talatin da ɗaya bakinsa bai taɓa furta sunanta ba, ko a gabanta ko a bayanta.  Sai ya ce in rubuta yadda zai faɗa, a karanta da ƙarfi a gaban surukansa, kada a sauya ko harafi.

"Luba. Luba, kada ki hau. Ko duk gari sun hau, ko an zage ki, ke da yaran ku tsaya a gaɓa, inda zan hango ku."

Za a fara zama da ƙarfe bakwai na safe. Huseina takan taso daga Tsallake da ƙarfe takwas.